Asabar, da waƙar Nala a kunnena

Sha ɗaya ta wuce, yara sun yi barci, ni kuwa idona biyu. Wata magana ce da Yaya ta yar a cikin bas ta tsaya mini a rai, kuma na san ita ta manta da ita tun kafin mu sauka.

Yau na cika alƙawarin da na yi wa Ummi ranar da ta kai izu biyar. Mun je gidan wasan kwaikwayo na Lyceum kallon The Lion King, ni da ita da Sadiƙ da Yaya. Abbansu yana wurin aiki. Mun yi azahar a gida, muka hau jirgin ƙasa zuwa Charing Cross, sauran muka taka. Yayyafi kaɗan-kaɗan. Sadiƙ ya bar hularsa a jirgi.

Wasa kam ya yi kyau, masha Allah. Da giwar nan ta ratso ta tsakanin kujeru a waƙar farko, Ummi ta damƙe hannuna har sai da na ji farcenta. Tun 1999 ake wannan wasa a wannan gida na Landan, amma yau ma ɗakin cike yake maƙil. Na ji daɗi ƙwarai, kuɗin tikitin da na yi wata biyu ina tarawa bai tafi a banza ba.

A hanyar dawowa yara suna ta rera Hakuna Matata, har wata tsohuwar Baturiya a kujerar gaba tana taya su da kai. Na ce, "Yaya, ke wace waƙa ta fi shiga ranki?"

Ta ce, "Ta buɗewa mana. Sai ta soyayyar nan ta wajen ƙarshe."

Na ce ni Shadowland ce.

"Wacce ke nan?"

"Wadda Nala ta yi bayan an dawo daga hutun rabin lokaci."

"Au, mai sanyin nan? Ai a nan na ɗan runtsa. Ke dai, irin waɗannan cike gurbi ne kawai, kafin su gyara dandali."

Ban ce komai ba. Na juya ina kallon taga.

Na san dalilin da ya sa mutane ba sa riƙe ta. Ba ta cikin fim ɗin The Lion King na 1994, kuma kowa da waƙoƙin fim yake shigowa ɗakin, na Elton John da Tim Rice, waɗanda muka taso muna ji a kaset. Kunne abin da ya saba yake jira. Amma waƙoƙi biyar ba za su riƙe wasan sama da awa biyu ba, shi ya sa Julie Taymor, wadda ta tsara wasan a 1997, ta koma kan wani faifai na 1995 mai suna Rhythm of the Pride Lands. Yawancinsa aikin Lebo M ne, ɗan Soweto, mai muryar nan da ke tsaga shiru a farkon fim ɗin. Daga wannan faifai aka ɗauko Lea Halalela aka sa mata sababbin baitoci ta zama Shadowland, aka ɗauko Lala ta zama Endless Night, wadda Simba, zakin da labarin yake a kansa, yake yi wa mahaifinsa da ya rasu. One by One ma daga can take, wadda ake rerawa da murya zalla babu kiɗa ana kaɗa tsuntsaye a saman kawunanmu. A wurina waɗannan su ne ƙashin bayan wasan, su ne kuma ba ka jin kowa yana rerawa a bakin ƙofar fita.

Ku dubi abin da ke faruwa a daidai Shadowland. Ƙasa ta bushe ƙurmus, namun daji sun ƙare, sai ƙasusuwa. Scar, baffan Simba, yana kan mulki, ya kuma nemi ya mai da zakanya Nala matarsa, ta ƙi. Zama ya gagara. To ba ta sulale cikin dare ba. Ta tsaya gaban iyayenta mata ta faɗa musu za ta tafi neman mafita, ba don ta daina son ƙasar ba. Ita tana bayarwa da Turanci, su suna amshi da harshen kudancin Afirka, a hankali, kamar masu riƙe ta da murya. Sai Rafiki, tsohuwar birinya mai magani, ta zo ta sa mata albarka. A fim Rafiki namiji ne, Taymor ce ta mai da shi mace, kuma a nan ne na ga amfanin haka: tsohuwa ce take sallamar yarinya. Heather Headley ce ta fara rera waƙar a dandalin Broadway na New York, na saurari tata ba adadi, amma ganin abin da ido daban ne. Nalar yau ta fara da murya ƙasa-ƙasa kamar mai jin nauyin magana, ta riƙa hawa har ta cika ɗakin. Shi kansa Lebo M yana ɗan saurayi ya bar ƙasarsu a zamanin wariyar launin fata, ya zauna Lesotho, daga baya Amurka. Wanda ya san barin gida ne ya yi wannan amshi, ana ji.

Abin da ya fi damuna shi ne, a ce Yaya ce ta yi barci a nan. Yaya fa, wadda aka goyo.

Farin 1984, da shanun Baba suka ƙare ɗaya bayan ɗaya a ƙauyenmu na wajen Tanut a Nijar, Inna ta goya Yaya tana 'yar shekara biyu suka hau babbar mota suka yi kudu, tafiyar da ta ƙare a Kano. Ni a Kano aka haife ni, labari kawai na tarar. Kuma duk sanda Inna za ta ba da shi, ba ta daɗewa a kan yunwa ko wahalar hanya. Inda take tsayawa shi ne daren da za su tashi, yadda ta bi gida-gida tana neman gafarar tsofaffi, da yadda wata gwaggonta da ta ce ita ba inda za ta ta dafa mata kai ta yi mata addu'a, ta ƙulla mata ɗan gero a bakin zane alhali ita ma ba ta da na gobe. Ba su sake ganin juna ba.

Wannan na gani a dandali yau. Na kuma ga safiyar da aka raka ni filin jirgin Malam Aminu Kano, Inna tana riƙe da gefen mayafina tana cewa Allah ya tsare, Allah ya tsare, ba ta ƙara komai a kai ba.

Na so in faɗa wa Yaya duk wannan a bas, bakina ya yi nauyi. Ga yara, ga hayaniya. Ina kuma tsoron ta ce na cika zurfafa abu, wasan yara ne.

Tuwon jiya muka ɗumama. Ummi ta ce idan ta girma ita ce za ta riƙa shiga cikin raƙumin dawa. Gobe wanki, da neman wata hular kafin Litinin.

Ɗazu na tsaya a kicin na sake sauraren waƙar sau biyu, sannan na tura wa Yaya ta WhatsApp, ban rubuta komai a ƙasa ba. Har yanzu ba ta buɗe ba. Inna kuwa ta daɗe da kwanciya, sai da safe zan kira ta in tambaye ta sunan gwaggon nan.