Maganar bakin zaure

Makon jiya na miƙa akwatin sanyi da hijabin aiki da littafin da na shekara tara ina rubuta gidaje a ciki. 'Yan matan da aka ɗauka bana sun roƙe ni in bar musu wani abu a rubuce kafin in tafi. Na san abin da suke so su ji, wato yadda ake shawo kan maigidan da ya ce ba za a ɗiga wa 'ya'yansa rigakafin shan inna ba. Zan zo wurin. Amma sai na fara sauke abin da ya fi nauyi a raina.

Watan Agusta ne, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuma bai shigo ba. A makon nan shugabarmu ta sa ni gaba. Kowace yamma a taron bita sai ta karanto yawan gidajen da kowace tawaga ta shiga, in ta zo kaina ta ɗago kai ta ce, “Ga mai doguwar gaisuwa. Ba zumunci aka aiko ku ba.” A yi dariya. Kwana biyu ina haɗiyewa, a na uku na ƙudurta cewa yau sai na wuce kowa.

Wajen azahar muka shiga wani gida a wani lungu da ke gefen garin Gombe. Tsohuwa na zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale. Matar ɗanta, yarinya ce da ba ta kai ashirin ba, tana goye da jariri. Na tambayi yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar, tsohuwar ce ta amsa, ta ce biyu. Na ɗiga wa na goye, abokiyar aikina ta leƙa ɗakin tsohuwar inda babban ke kwance lulluɓe da zane, ta ɗiga masa, ta shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, ta fito. Yarinyar ta kawo ruwa a kwanon sha, na ce mun gode, a ƙoshe muke. Ba ta koma ɗaki ba. Ta tsaya a gefena ta ce ruwan bana ya yi yawa har katangar baya ta zube. Ta ce maigidan ya tafi Fatakwal tun bayan ƙaramar Sallah, shiru bai aiko ba. Ta ce kunun ma yanzu ba gyaɗa suke dama shi. Ni kuwa idona na kan takarda, bakina na cewa “To, to, Allah ya kawo sauƙi.”

Da muka juya ta biyo mu har bakin zaure, iyakar inda ƙafarta ke iya kaiwa. Ta rage murya ta ce, “Anti, dama...” Ta yi shiru, ta waiga tsakar gida. “Dama na wajen Inna ne. Kwana biyu ƙafar...”

Na ce, “Ai an ɗiga masa, kada ki damu. Sai mun sake zagayowa.” Na fita na yi rubutu da alli a bango. Ranar ni ce ta ɗaya a taron bita.

Duk wadda ta tashi a ƙasar nan ta riga ta gane abin da na kasa ganewa. Ɗan fari ne. Ba za ta kama sunansa ba, ba za ta nuna damuwa a kansa a gaban uwar mijinta ba, balle ta ce a kai shi asibiti. An yaye shi da wuri saboda kwanika, aka miƙa wa kaka. Zancen katanga da na Fatakwal da na kunu duk matakala ce take hawa don ta iso kansa: babu kuɗi, babu abinci, yaro ya kwanta, ƙafa ta kumbura. Ta jero mini tarihin tamowa daki-daki, abin da aka koya mana a aji. Tef ɗin awon damtse yana cikin jakata, wanda in ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, ba a kwana ba a kai yaro ba. Ko shi ma ba sai na ciro ba. Da na danna babban yatsana a bayan ƙafafunsa na daƙiƙa uku na ga wurin ya lotsa bai taso ba, da magana ta ƙare.

Bayan sati uku matar mai unguwa ta gaya mini an kai shi asibiti duk ya kumbura, fata na saɓulewa, ya kwana biyu ya koma. Na je gaisuwa. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a bushe, don ko kukan ɗan fari ba a yi a bainar jama'a. Ta sake kawo ruwa a kwanon nan. Na karɓa na sha. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba har yau.

Da labarin ya kai ofis, shugabar nan ta tashi a gaban kowa ta ce, “Tawagar da ta shiga gidan ba ta da ido ne?” Ta sa aka rubuta mini takardar neman bahasi. Bakin da ya ce ba zumunci aka aiko mu ba, shi ne dai. Ban musa ba, don ni ce na katse yarinyar, ba ita ba, kuma wannan zan amsa shi gaban Allah. Amma ko sau ɗaya ba ta kira ni gefe ta ce ita ma da hannunta a ciki ba. Daga baya aka ƙara mata girma. Na yafe mata, mantawa ce dai na kasa.

To, 'yan'uwana, ga abin da na koma yi tun daga ranar.

In kika ji “dama”, tsaya cak. Mayar da biro cikin jaka ta ga kin mayar. A wurinmu babbar magana ba ta zuwa a farkon zama, sai an miƙe, an ɗauki takalmi, an kai bakin ƙofa. Shirun da ke biyo bayan “dama” kuwa ba naki ba ne da za ki cike shi. Yana da nauyi, bakinki zai yi ta ƙaiƙayi, ki daure. In ya yi tsawo, maimaita mata kalmarta ta ƙarshe kawai: “Ƙafar?” Za ta ɗora.

Gaisuwar da aka yi mini gori a kanta, ita ce awon farko. Kowa kika ce wa “Ya yara?” zai ce lafiya lau, haka aka koya mana tun muna ƙanana. Ki kasa kunne ga abin da ya biyo baya. Wadda ta ce “Lafiya... da sauƙi dai,” ta faɗa miki akwai marar lafiya a gidan. Wadda ta ja “Alhamdu lillahi” ta sauke numfashi, akwai saura. Sai ki ajiye, ki yi aikinki, in za ki fita ki sake tambaya da wata siga. In suruka na zaune, ita za ki fara ba girmanta, ki durƙusa, ki bar ta ta amsa duk abin da take son amsawa, sannan ki ce, “Inna, ki ara mini ita ta taka mini.” Ba a taɓa hana ni ba. Kada ki tambayi uwa sunan ɗan farinta, ce mata “Babban fa?” sunan kuma ki samu a bakin wani yaro. A rugagen Dukku da Nafada kunyar ta fi haka ƙarfi, can ma sai kin fara da “A waali jam?” kafin fuska ta saki.

Maigidan da ya ƙi kuwa, yawanci yana da jawabin da ya daɗe yana tanadi. Me ya sa ɗigo kyauta ne har gida, amma in yaro na zazzaɓi sai an sayi magani? Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a ranar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, sai aka samu ƙari: ba an ce ta ƙare ba? Bar shi ya juye duka. Kada kalmar “amma” ta zama farkon abin da zai fito daga bakinki, tana rushe duk sauraron da kika yi. Ki ce, “Gaskiyarka Malam, maganin zazzaɓin nan ni ma yana damuna,” don gaskiyar ce. Sai ya huce za ki gaya masa cewa waccan tun 2016 a Borno ba a sake ganinta a ƙasar nan ba, amma akwai wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba. In ya ƙi yau, ki yi sallama mai kyau, ki bar ƙofar komawa.

Tsohuwar da hirarta ba ta ƙarewa, kada ki duba agogo a gabanta. Ɗauki kalma daga bakinta ki juya akalar: “Af, Hajiya, da kika ambaci jikar nan taki, tana ina?” In lokacin tafiya ya yi, nemi addu'a. “A sa mana albarka, rana na yi.” Da kanta za ta rufe zancen, kuma ta rufe shi tana jin daɗi.

Kada ki yi wa mai zaune magana kina tsaye a kansa. Kada ki gyara wa abokiyar aikinki kuskure a tsakar gidan mutane. Waya ta zauna a jaka. Ruwan da aka kawo miki, ko kurɓa ɗaya ce ki yi.

Daga shekarar nan ban sake zuwa ta ɗaya a taron bita ba, sau da yawa ma ni ce ta ƙarshe. Wadda za ta gaji littafina ta buɗe shafukan baya, za ta ga jerin yaran da tef ya nuna ja aka tura su karɓar abincin tamowa. Akasarinsu a bakin zaure na ji labarinsu, wasunsu yanzu suna firamare.

Gidan nan na sa masa alama da jan biro. Yaranta uku yanzu, tsohuwar ta rasu bara. Da na je yi mata sallama ranar Laraba ta rako ni har zaure kamar kullum. Na tsaya, na jira. Ta gyara goyonta ta ce, “Ba komai Anti. A gaida gida.”