Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Maigida Ya Danƙa Mini Speed Graphic

A makon jiya na tsaya a inda na cika shekara biyu ina wanke hotuna a ɗakin duhu, ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. To, saura kwana uku Ƙaramar Sallah, maigidana ya jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburinsa, ya ciro kyamara Speed Graphic. Kamfanin Graflex na Rochester a Amurka ne ya ƙera ta, tun 1912 suke yin irinta har 1973. Maigida ba ya gajiya da faɗa mana cewa da irinta aka ɗauki sojojin Amurka suna kafa tuta a Iwo Jima a 1945.

In ka buɗe gabanta ka jawo idon, wato gilashin gaba da haske ke shiga ta cikinsa, sai fatar ta miƙe kamar zugazugin maƙeri. Ka leƙa gilashin baya, ka ga mutum kai ƙasa ƙafafu sama. Fim ɗinta falle-falle ne, inci 4 da 5, kowane gidan fim da ake zura mata a baya na cin biyu kacal. Da lalube ake loda shi cikin duhu: akwai 'yar tsaga a bakin fim, in yatsanka ya ji ta a kusurwar sama ta dama, to fuskar da ke ɗaukar hoto na kallonka.

"Yaro, ƙofar shigar haske biyu gare ta," in ji shi. "Ɗaya cikin ido, ɗaya labule ne a baya. In za ka yi aiki da ɗaya, ka tabbata ɗayar a buɗe take."

"To, Maigida."

Ranar Hawan Daushe na tsaya a Ƙofar Kudu da gida shida, hoto 12 ke nan. Na zaɓi labulen, domin shi ne ke kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, saurin da ke tsayar da doki a guje. In zare marfin gidan fim, in jira mahaya su taso, in danna, in mayar, in juya gidan. Sai bayan na huɗu na sake leƙa gilashin, na ga duhu ɗulum. Ƙofar gaba a rufe! Gabana ya faɗi, hannu na rawa na buɗe ta.

Da dare muka wanke. Huɗun farko suka fito fes kamar ruwa, babu ko inuwa. Maigida bai ce uffan ba. Ya ɗaga na biyar saitin fitila, ga doki ya yi sama, har zaren tunjimin linzaminsa ana ƙirgawa. Ya daɗe yana dubawa.

"Gobe Hawan Nasarawa," ya ce. "Je ka loda gida shida."

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.