Kwalin Auta: yadda nake aika saƙo bakin daga

Autanmu soja ne, kofur, kuma tun da aka tura su yankin Monguno ni ce mai haɗa masa saƙo daga Kano. Ba wanda ya naɗa ni. Hajiyarmu ta tsufa, matarsa tana bariki da goyo, ni kuwa ina da ƙafar shiga kasuwa da bakin ciniki, sai aikin ya faɗo kaina.

Sayen kayan ba shi ne wahala ba. Hanya ce wahalar. Daga Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, ta Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu. Wannan ɓangaren mota na yin sa kullum, sai dai direba ya yi sammako, domin ana rufe hanyar shiga Maiduguri da yamma. Duk mai bin hanyar yana tune da abin da ya faru a Auno a watan Fabrairun 2020, lokacin da aka far wa matafiyan da dare ya riske su a bakin shinge. Daga Maiduguri kuma akwai sauran tafiyar sama da kilomita 130 zuwa Monguno, kuma autanmu ba a cikin gari yake ba, yana can wani sansani da ko sunansa ba ya faɗa. Wannan ragowar tafiyar ba ta direban tasha ba ce. Sai an sami abokin aikinsa da ya zo fas, wato ɗan hutun da ake ba soja, zai koma, ko motar da ke kai musu kayan abinci. Kwali yana iya isa Maiduguri a yini ɗaya, ya zauna a ɗakin wani a barikin Maimalari mako biyu ko uku yana jiran hannun da zai ƙarasa da shi.

Saboda haka kafin in sa komai a kwali nakan tambayi kaina: zai jure mako uku a ɗaki mai rufin kwano, cikin zafin Borno? A watan Afrilu zafin can yana haura digiri 40. Dakuwa ba ta jurewa, mai ne da ita, sai ta canza ɗanɗano. Man shanu narkewa yake ya bi ta murfi ya ɓata komai. Soyayyen nama mai romo a jiki kuwa asarar kuɗi ce kawai.

Dambun nama shi ne sarki, amma sai an yi shi da haƙuri. Nakan dafa naman har ya yi ligif, in daka, sannan in soya a wuta kaɗan-kaɗan ina juyawa har sai na ji yana ƙara a cikin tukunya, ya bushe ƙayau. Daga nan in baza shi a faranti ya kwana yana shan iska. Nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa: a juye shi da ɗumi a roba a rufe, tururin ya koma ruwa, kafin ya isa ya yi fumfuna. Kilishi daga Agadasawa nake sayowa, in ce a ƙara gasa shi, kuma a takarda nake naɗewa. Leda gumi take sa shi. Sai ƙuli-ƙuli, garin kwaki, suga, madarar gari, garin kunun gyaɗa, dabino, busasshiyar aya. Zuma a jarkar roba, a ɗaure bakin da leda kafin a murɗa murfi, a bi da salatif.

Sai yaji. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, shi zan aika. Ana ba su abinci, ba yunwa ce ke damunsu ba, gundura ce: shinkafa da wake yau, gobe wake da shinkafa. Yajin ƙuli da citta da tafarnuwa da ɗan daddawa yana sa tukunyar da ta ishe ka ta ciwu. Ba shi da nauyi, ba ya lalacewa.

Wata rana da aka sami sabis ya kira ni yana dariya.

"Yaya, yajin nan ko kwana uku bai yi ba."

"Kai Auta, gwangwani guda? Sha kake yi?"

"Yaya, mu nawa ne a nan? Akwai wani ɗan Binuwai, shi fa yanzu ba ya cin abinci sai ya ce ina yajin Yaya."

Tun daga ranar na sauya yadda nake ɗaure kaya. Soja ba ya buɗe kwali shi kaɗai. A gaban mutanen da suke kwana rami ɗaya yake buɗewa, ɗan Enugu, ɗan Ekiti, ɗan Filato, kuma ba zai iya ci su zuba masa ido ba. Shi ma yana cin cincin ɗin da matar wani ta aiko lokacin Kirsimeti. To maimakon babbar roba ɗaya, sai in ƙulla komai ƙanana-ƙanana. Ya miƙa wa wannan ƙulli, ya miƙa wa saje nasa, ya cusa biyu a ƙasan jaka don ranar da babu. Mai ɗaukar saƙon ma da nasa ƙullin daban, a waje, in faɗa masa da bakina cewa wannan naka ne, sannu da ɗawainiya. Mutumin da ke komawa bakin daga da jakarsa da damuwarsa, ya yarda ya ƙara naka nauyin, ba a sallamarsa da "na gode" kawai. Kuma kada kwalin ya wuce abin da zai ɗauka da hannu ɗaya.

Kayan da ba na ci ba, yanayi nake bi. Da hunturu sanyin gefen Tafkin Chadi yana shiga ƙashi, ga ƙura, leɓe da dunduniya duk su tsage. Sai man kaɗanya, hular sanyi, rigar ciki mai kauri. Da damina kuwa ƙafa ce abin tausayi, tana yini cikin jiƙaƙƙen but, tsakanin yatsu ya yi fari ya fara saɓulewa. Safa nake saya dozin a Kantin Kwari, baƙaƙe, ta auduga, da hoda. Sauro ba a magana. Sabulu, man goge baki, reza, allura da zare, ƙaramar tocila, duk suna da wurinsu. Akwai masu ce mini ai hukuma na ba su komai. Tana ba su kaki da makami da abinci. Safa ta shida da allurar ɗinke aljihu, wannan sai gida.

Wuta kuma babu. Maiduguri kanta ta daɗe cikin duhu bayan da aka fasa turakun lantarkin da ke kawo mata wuta ta Damaturu a Janairun 2021, balle daji. Fawa banki mai ƙarfi da ɗan faifan sola na caji sun fi masa sabuwar waya amfani. Kuɗi ma darasi ne. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kuɗi na cikin asusunsa amma ba abin da za su saya masa a inda ba POS ba sabis. 'Yan canji, ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar, sun fi tiransifa. Amma hannu da hannu nake ba wanda Auta ya ce ya yarda da shi, ba na cusawa a kwali.

Akwai abubuwan da ba na sawa ko an roƙe ni. Duk wani abu mai launin kakin soja, domin direban farar hula da aka kama da shi a shingen bincike ya shiga uku. Magani ba tare da kwalinsa ba, saboda ƙwayoyi a ƙulle cikin leda suna jawo zargi, sai ka rasa bakin bayani. Farasitamol da maganin maleriya a kwalinsu na asali suke tafiya. Kuma a jikin kwali ba na rubuta muƙami, ko bataliya, ko sunan gari. Sunan mai karɓa a Maiduguri da lambar wayarsa, shi ke nan. Magajiyar barikinsu, wato shugabar matan sojoji, ce ta koya wa matarsa wannan, ita kuma ta koya mini. Wani kawunmu ya taɓa ɗora hoton Auta da kaki a Facebook, har da sunan yankin, yana roƙon a sa shi a addu'a. Niyya mai kyau, amma ranar na ji muryar Auta yadda ban taɓa ji ba. "Yaya, don Allah ki ce wa Kawu ya cire yanzu-yanzu." Aka cire.

Abu mafi ƙanƙanta a kwalin shi ne memori. Nakan ɗauki muryar Hajiya tana sa masa albarka, da 'yarsa tana gwalantun karatun Fatiha, da hirar tsakar gida haka nan, har da kukan akuya. Inda ba sabis, wannan yake saurare. Muna da saɓani da matarsa a kan abin da ya kamata a faɗa masa. Ita tana ganin a sanar da shi komai, tun da shi ne maigida. Ni ina ganin rasuwa da haihuwa dole ya ji, amma rigimar gado da ƙorafin kuɗin haya su jira shi ya zo fas. Mutumin da zai kwana yana gadi ba ya bukatar abin da ba zai iya gyarawa daga can ba. Har yanzu ba mu daidaita ba, kowa na aika nata.

Wani lokaci kwali kan isa a tarar an ɗauke su zuwa wani wuri, ba sanarwa, wayarsa a kashe. Da na tambaye shi yadda za a yi in haka ta faru, cewa ya yi kada a dawo da komai, a raba wa waɗanda aka tarar a sansanin, memorin kawai a adana masa. Haka nake faɗa wa duk wanda zan ba saƙo. Daga baya ya ƙara sharaɗi ɗaya: a ɓoye masa ƙullin yaji ko da guda biyu ne, kada ɗan Binuwai ya riga shi.