Ni da Cakulan Bayan An Ce Ina da Hawan Jini

Ranar da aka auna jinina aka ga 168 bisa 102, ba don kaina na je asibiti ba. Jikata na kai rigakafi. Ina zaune a benci ina jiran layi, sai wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kaina ta ce, "Hajiya, tun ɗazu nake ganin kina dafe ƙeya. Zo in auna ki." Ta ɗaura min abin awo a dantse, ya matse, ya saki. Sai da ta yi sau uku kafin ta ce lallai in ga likita kafin in bar wurin. Shekarata 49 a lokacin, kuma in ba haihuwa ba ban taɓa kwana a gadon asibiti ba. Wadda ta fara faɗo min a rai ita ce Inna, Allah ya jiƙanta, da ta yi shekara huɗu kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ni na yi jinyarta. Ni ke juya ta cikin dare, ni ke ba ta kunu da cokali, rabi na zubowa ta gefen baki. Na hau Keke Marwa na dawo gida da takardar magani a jaka, ban ce wa kowa uffan ba sai bayan isha'i.

A Agege aka haife ni, a nan na yi aure, a nan nake da ɗan shagon tireda a ƙofar gida. Duk sati biyu nakan shiga Ikko, kasuwar Oke-Arin, in saro madara, sukari, biskit, alawa da cakulan kwali-kwali. Amma son cakulan ba a shago na fara shi ba. Muna yara, in Baba ya yi cinikin goro mai kyau, yakan dawo da guda ɗaya a aljihun babbar riga, ya riga ya yi laushi saboda zafi. Mu shida za mu raba, har takardar sai mun lashe. Har yau in na ɓare shi, ƙanshin rigar Baba nake ji. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Alhazai na haɗo shi da dabino a tsaraba, ana raba wa yara ranar Sallah, saurayi na riƙo shi in zai je zance. Abu ne da ba ya zuwa sai da farin ciki, shi ya sa in aka ce mutum ya bar shi sai ya ji kamar an raba shi da wani nasa.

Likita ya rubuta min ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya ce in rage gishiri da maiƙo da zaƙi, in riƙa tafiya a ƙasa. Na yi sati uku ina bin doka, bakina salam, raina a jagule. Ana cikin haka aka turo saƙon murya a zauren WhatsApp na matan Islamiyyarmu. Wani mutum ne mai murya a natse, yana cewa Turawa sun gano cakulan na wanke jijiyoyi, yana sauke hawan jini, wai mai cin sa ba shi ba ciwon zuciya. Sau uku na saurara. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Daga ranar, kullum bayan azahar sai na ɓare guda daga na shago, mai madara, mai giram 50. Da safe kuma in kaɗa shayi mai kauri da garin nan mai ruwan ƙasa da masu shayi ke zubawa, tunda shi ma an rubuta koko, wato ƙwayar da ake yin cakulan da ita, a jikin gwangwaninsa. Abin da ya fi muni, wanda na daɗe ban iya faɗa wa mutanen gida ba, shi ne na fara tsallake maganin. Yau in sha, gobe in bari, a ganina ai ga wani maganin ina ci.

Bayan wata biyu na koma asibiti. Nauyina ya ƙaru da kilo 3, jinin yana 162 bisa 100. Likitan bai yi min faɗa ba. Ya bar ni na gama bayanina, sannan ya ce, "Hajiya, akwai gaskiya a maganar, amma 'yar kaɗan ce, kuma ba ta cikin irin wanda kike ci. Maganinki kada ki ƙara tsallake shi ko na kwana ɗaya. In kin je gida ki juya bayan takardar ki karanta."

'Yata ta biyu tana karatun aikin jinya a Idi-Araba. Da ta zo gida ranar Asabar na ba ta labari. Ta ɗauko takardar cakulan ɗin, ta shimfiɗa ta a kan cinyarta, ta miƙar da ita da yatsa. "Umma, ƙa'ida ce, abin da ya fi yawa a ciki shi ake fara rubutawa." Na farko sukari. Na biyu mai, ba ma man koko ba. Na uku garin madara. Koko sai can a na huɗu. Ta duba lissafin da ke gefe, ta ga sukari giram 27. Ta tashi ta shiga kicin, ta fito da cokalin shayi da gwangwanin sukari, ta fara zubawa a faranti tana ƙirgawa da ƙarfi. Ta kai kusan bakwai ta tsaya. Ga ɗan tudu fari a tsakiyar faranti. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke ƙarawa a ci da sha ya wuce kusan giram 50 a yini, wato cokali 12, in da hali ma ya tsaya a giram 25, cokali 6. "Kuma ban sa na shayinki ba, Umma." Na daɗe ina kallon farantin nan. Da wani ne ya miƙo min shi ya ce in shanye, da na ce ba ya ƙaunata. Ni kuwa na yi kwana sittin ina ba kaina da hannuna.

Gaskiyar da likita ya ambata tana cikin ƙwayar kokon kanta. Akwai wasu sinadarai a cikinta da ake kira filabanol, su ne ke kawo ɗaci da bauri. Suna taimaka wa jijiyoyin jini su saki, su ɗan buɗe, jini ya wuce ba da turereniya ba. Ba tatsuniya ba ce, don a 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa miligiram 200 na waɗannan sinadarai a yini na taimaka wa jijiyoyi su riƙe laushinsu. Sai dai da masana suka tattara gwaje-gwaje da dama suka yi lissafi, saukar da jini ke yi kusan maki 2 ne kawai. Ni da ke kan 162, ina maki 2 za su kai ni? An kuma yi wani babban bincike a Amurka a kan dattawa sama da 21,000, aka fitar da sakamakonsa a 2022. Su ma ba cakulan aka ba su ba, ƙwaya ce da aka tatso daga koko, mai miligiram 500 na filabanol, ba sukari ba mai. Bayan shekara uku da wani abu, mutuwa ta dalilin cututtukan zuciya ta ragu a cikin waɗanda suka sha, amma jimillar bugun zuciya da shanyewar jiki da dangoginsu ba ta ragu yadda masu binciken za su bugi ƙirji a kai ba. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta amfanin a jikin garin koko mai yawan filabanol, bisa sharaɗin a faɗa cewa hujjar kimiyya kaɗan ce ƙwarai. Wannan 'yar gaskiyar mai saƙon murya ya ɗauka ya hura ta kamar balan-balan, ni kuma na karɓa saboda ta dace da abin da raina ke so.

Abin da ya ƙara ba ni takaici shi ne, ɗacin nan mai amfani shi ake kashewa don kaya su shiga kasuwa. Gasawa na rage shi. Akwai kuma wani jiƙo da ake yi wa koko da sinadari mai kama da kanwa, dabarar da ta fito daga Holan tun ƙarni na 19, yana sa garin ya yi duhu ya daina bauri, amma yana kwashe filabanol da yawa. Farin cakulan kuwa babu garin koko a cikinsa ko kaɗan, man koko ne da sukari da madara.

Da farko cewa na yi na bar shi har abada. Na yi kwana goma. A rana ta sha ɗaya na ci biyu a tsaye a cikin shago, na zauna ina kuka. Nan na san cewa hani ba zai yi min ba, sai dai in yanka masa iyaka.

A wani babban kanti a Ikeja na sayo baƙin cakulan, an rubuta 85% a jikinsa, wato kashi 85 cikin ɗari koko ne. Na gutsura na ji ɗaci ya kama ni tun daga harshe har maƙogwaro. Alhaji na zaune a tabarma da goronsa, ya ce in ba shi ya ji. Ya tauna a hankali, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai wannan ɗan'uwan goro ne." 'Yata ta ce gaskiyarsa, don ko a wajen masana tsirrai dangi ɗaya suke, kuma dukansu na ɗauke da sinadaran kafeyin da tiyoburomin, waɗanda ke wartsake mutum. Maganar ta tsaya min a rai. Ni da na tashi a gidan goro, na san ɗacin da garɗi ke biyo bayansa in an kora da ruwa, yaushe harshena ya manta? Ƙasar da muke zaune a kanta ma ta san su duka biyun. Kafin Ondo da Kuros Riba su yi suna da koko, a nan wajen Agege da Ifako aka yi manyan gonakinsa, irin na J. K. Coker, sama da shekara ɗari da suka wuce. Goro kuma shi ya jawo kakanninmu daga Arewa, jirgin ƙasa na kwasar huhuna zuwa Kano. Yau kokonmu na fita ta Apapa a buhu, ya dawo mana cikin takarda mai ƙyalli da tsadar da ke sa mutum ajiyar zuciya, balle bayan da farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya a 2024.

Na sauko zuwa mai 70%, shi ne na iya da shi. Gutsure biyu nake ci, bai wuce giram 20 ba, kuma ba kullum ba. Baƙin ma ba ruwa ba ne: giram 100 na ɗauke da kusan kalori 600, da mai da yawa, da nasa sukarin. Na daina taunawa. Nakan ɗora shi a harshe in rufe baki, tunda man koko na narkewa da ɗumin jikin mutum. Ɗaci ke fara zuwa, sai ɗan tsami, sai wani ƙanshi kamar na gasasshiyar gyaɗa, zaƙin na zuwa a ƙarshe. Wannan saurin narkewar kuma shi ne wahalarsa a Legas. In aka ɗauke wuta firij ya huce, sai ya narke, ya sake daskarewa da fari-fari a jiki. Na zubar da guda ɗaya ina zaton ya yi fumfuna, ashe man ne ya taso sama, ba abin da zai yi wa mutum. Na kuma gano cewa in na ci da daddare ƙwannafi na damuna, barci ya ƙi zuwa, don haka ba na wuce la'asar.

Saboda tsada, yanzu na fi dogara da tsantsar garin koko wanda ake yi a ƙasar nan, marar sukari marar madara. Nakan duba bayan leda in ga koko kaɗai aka rubuta, in kuma zaɓi mai hasken launi a kan mai duhu sosai. Cokali ɗaya nake damawa da ruwan zafi in juye a kokon gero da safe, in jefa dabino guda. Koko cikin koko, haka jikokina ke kiransa. Sati biyun farko da ƙyar nake haɗiyewa. Yanzu in na ɗanɗana shayin da nake sha a da, sai in ji zaƙin ya hau min kai.

Jinina yana zagaye 132 bisa 84 tun watanni da suka wuce, kuma ba zan jingina wannan ga cakulan ba. Magani ne da ban sake tsallakewa ba. Dunƙulen ɗanɗano ne da na rage daga huɗu zuwa ɗaya a tukunya, na maye da daddawa da albasa da citta. Wake ne da alayyahu da kifi, da tafiyar rabin awa da nake yi bayan asuba kafin hayaƙin motoci ya cika titi. Abin da gutsure biyun nan suka yi min shi ne sun hana ni jin cewa an ƙwace min komai, sai na iya jure sauran.

Har yanzu ina sayar da mai madarar a shago, ba zan ɓoye ba, da shi ake biyan kuɗin makaranta. Amma ba na sayar da shi da sunan magani. Makon jiya wata maƙwabciyata ta zo da mayafi a hannu, tana sauri, ta ce in ba ta guda biyar, maigidanta ne jininsa ya hau, kuma ta ji a waya an ce yana saukar da shi. Saƙon nan ne dai, har yanzu yana yawo. Na ce, "Maman yara, shigo ki zauna minti biyu." Na ce wa jikata ta shiga ciki ta ɗauko min faranti da cokalin shayi da gwangwanin sukari.