Karar da na yi wa sabuwar ma'aikaciya

Ƙannena da kuka shigo aikin walwalar jama'a a nan Ingila, wata rana za a kira ɗayanku a ce ga sabon ma'aikaci, a riƙe shi shekara guda. Ni ranar da aka ba ni wannan amana murna na yi, musamman da na ga wadda aka haɗa ni da ita 'yar Arewa ce kamar ni, ta zo karatu ta gama ta samu aiki a sashenmu na kare yara. A ofis sunana take kira kamar kowa, amma da mun shiga mota sai ta koma Anti.

Tun 2012 ake da tsarin da ake kira ASYE, wato shekarar farko ta aiki wadda ake tallafa wa sabon ma'aikaci kuma ana auna shi. Ƙa'idar a fili take. Makonni shida na farko za ku zauna bitar aiki kowane mako, daga nan duk mako biyu har wata shida, sannan aƙalla sau ɗaya a wata. Ana rage masa kashi 10 cikin 100 na nauyin aiki, a ware masa lokacin ƙaro ilimi. Za a je a gan shi yana aiki ido da ido aƙalla sau uku, a kuma rubuta rahoto a wata uku, wata shida da ƙarshen shekara. Duk na san wannan, na ma sa hannu a takardar yarjejeniya.

Abin da ya fara zamewa shi ne zaman bitar. Yau ina kotu, gobe wani ya tafi hutun rashin lafiya, sai in leƙa teburinta in ce, "Komai lafiya ko?" Ta ce lafiya lau. Ku sani, sabon ma'aikaci kullum lafiya lau zai ce, domin yana tsoron a ga gazawarsa. In mun samu zama kuwa, fayil muke ƙirgawa: wanne ya kusa cika kwana 45 na aiki da aka ba mu mu kammala bincike, wanne ba a rubuta ziyararsa ba. Ban taɓa tambayarta abin da take ji idan ta tsaya a bakin ƙofar mutane ba. Da muka yi ƙarancin ma'aikata, ni da hannuna na ƙara mata fayil huɗu, na ce ai tana da ƙoƙari.

Amma babban laifina kara ce. Tun wata na biyu na lura da wani abu a rubutunta: uba ya ce, uwa ta ce, malamar makaranta ta ce. Yaron da aka je dominsa ba ya cewa komai. Na gani, na kawar da kai. Na ce a raina yarinya ce mai ladabi, baƙuwa a ƙasar mutane, kada in karya mata gwiwa, za ta gane da kanta. A rahoton wata uku na rubuta tana ci gaba yadda ya kamata. A na wata shida na maimaita. Ganin ido na farko da na yi mata, taron ofis na zaɓa, inda na san ba za ta sha wahala ba.

Sai a watan Yuli na bi ta ziyarar gida. Talabijin na ta ƙara, uban ya kawo mana shayi, mutum mai fara'a da ya haife ta a shekaru. Yaron, ɗan shekara shida, yana zaune a gefen kujera da rigar sanyi mai dogon hannu cikin wannan zafi, idonsa a kan uban. Minti arba'in tana sauraron mutumin, kanta a ƙasa tana rubutu. Ta rufe littafi, ta yi godiya, muka fito.

A mota na ce, "Me yaron ya faɗa miki?"

Ta ce, "Anti, ai babansa ya ce yana lafiya."

"Kin ga inda yake kwana?"

Ta yi shiru. Can ta ce, "Wallahi nauyi nake ji. Ta yaya zan ce wa babban mutum a gidansa ya fita ya ba ni wuri?"

Jikina ya yi sanyi, domin tarbiyyar da ta hana ta magana ita ce ta hana ni yi mata magana wata shida. Muka koma muka ƙwanƙwasa. A ɗakin yaron katifa ce a ƙasa ba zanen gado, ƙofar kuma da sakata ta waje. A ranar maganar ta kai ga bincike ƙarƙashin sashe na 47 na Dokar Yara ta 1989, wanda ake buɗewa idan akwai dalilin zargin yaro na fuskantar cutarwa mai tsanani.

Duk wanda ya karanci aikin nan a Ingila ya san labarin Victoria Climbié, 'yar shekara takwas daga Kwadebuwa da ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 da raunuka 128 a jikinta. Binciken Lord Laming na 2003 ya nuna ma'aikata sun gan ta sau da yawa ba tare da an zauna an saurare ta yadda ya kamata ba, kuma ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗinta ba ta samu kulawar kirki daga na gaba da ita ba. Na rubuta jarrabawa a kan wannan labari. Ga shi ni ce na gaban da ta yi sake.

Da na zaunar da ita na ce in aka ci gaba a haka ba zan iya sa hannu cewa ta ci shekararta ba, ta san ma'anarsa, don a wurare da yawa faɗuwa na nufin rasa aikin. Ta ciro rahotannin nan biyu ta ajiye a gabana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Anti, da kin faɗa mini tun wata uku, da na gyara." Har yau ba ni da amsar wannan magana.

Don haka idan riƙon ya zo hannunku, abin da kuka gani a mako na uku ku faɗe shi a mako na uku, ku kawo misali daga fayil, ku rubuta, ku ba shi kwafi. Kada wani abu ya fito a rahoto wanda bai riga ya ji daga bakinku ba. Ganin ido na farko ku yi shi da wuri, kuma a gidan mutane, ba a ofis ba. Zaman bita in ya faɗi, ku sa wata rana kafin ku tashi daga wurin. In ɗan gida ne irin namu, ku tambaye shi kai tsaye wane ne yake jin nauyin yi wa tambaya, dattijo ko malami ko mace mai kuka, domin ba zai kawo maganar da kansa ba.

Na je wa manajarmu na ce laifin nawa ne, aka karɓe fayil huɗun nan. Muka koma zama kowace Talata da safe, waya a kashe. Mukan kwaikwayi ziyarar gida: ni ce uba mai fara'a, ita ce mai ziyara, tana maimaita jimla ɗaya har ta daina rawar murya: "Yanzu zan yi magana da yaron shi kaɗai, minti goma, sannan in ga ɗakinsa." Makon farko ta kasa kallon idona. A ziyarar da na bi ta a wata na goma, ta faɗe ta a tsaye, tun kafin a kawo shayi.