Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Ni Da Hanta

Makon jiya na tsaya a inda aka sallamo ni daga asibiti bayan haihuwar yarinyata ta uku, na kuma yi alkawarin yau zan ba ku labarin komawata aiki. Ku yi mini haƙuri, ba zan iya tsallake maganar hanta ba. Tun ranar da na rufe wancan kashin take ci mini rai, in na kwanta ita ce, in na tashi ita ce.

Ina da shekara 7 zazzaɓi ya kwantar da ni. Inna ba ta nan, ta tafi jinyar mahaifinta, Gwaggo ce ke riƙe da gidan. Kwana huɗu ko ruwa na sha sai ya dawo. A rana ta biyar Baba ya shigo da hanta a ƙunshe, ya ce a soya wa yarinyar nan ko ta samu ƙarfin jiki. Da kyakkyawar niyya ya kawo, Allah ya jiƙansa. Gwaggo ta soya ta har ta yi baƙi, ta bushe kamar ƙirgi. Na sa yanka ɗaya a baki na ji ɗaci ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, ga ƙarni, ga wani gari-gari da ke maƙale wa mutum a dasashi. Yanzu da na san girki na gane abin da ya faru: matsarmama ce ta fashe a jikin hantar, ba a yanke wurin an yar ba. A lokacin ban san wannan ba, abin da na sani kawai shi ne na ce ba na so.

Gwaggo ta jawo ni ta matse tsakanin cinyoyinta, ta toshe mini hanci, ina buɗe baki don in shaƙi iska ta tura. Yanka uku ta ɗura mini. Kafin ta ɗauko na huɗu na kelaya amai a kan zaninta. Ba ta dake ni ba, gara ma a ce dukan ta yi. Tashi ta yi tana kakkaɓe zani ta ce, "Iyayi ne kawai. Gimbiya ba ta cin abincin talakawa."

Kaka na zaune a kan tabarmarta a bakin ƙofa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ku ƙyale yarinyar nan. Harshe ma girma yake yi."

Babu wanda ya kula maganar Kaka. Ta Gwaggo ce ta zauna. Sunan Gimbiya ya bi ni, yaran gida suka ɗauka, har 'ya'yan maƙwabta. Duk ranar da aka soya hanta sai an waiwayo ni ana dariya, ni kuma in zame in koma bayan ɗaki, don ƙaurinta kaɗai ya isa ya tayar mini da zuciya. Ba ƙarya nake ba, Allah shi ne shaidata. Yawu ke taruwa mini a baki, gumi ya karyo mini, cikina ya juya. Amma wa zai yarda da yarinyar da babbar mace ta riga ta yanke wa hukunci? Har ranar da aka zo neman aurena sai da Gwaggo ta faɗa a gaban baƙi, tana murmushi, wai su shirya, amaryarsu mai zaɓen abinci ce. Ni da nake cin duk abin da aka ajiye a gabana, in ban da abu ɗaya tak.

Ƙanwata da ta zama ma'aikaciyar jinya ita ce ta fara wanke ni, bayan shekaru masu yawa. Ta ce mini, "Yaya, abin da ya same ki sananne ne, har a littafin karatunmu akwai shi." Wani masani a Amurka mai suna John Garcia shi da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1955. Sun ba ɓeraye ruwa mai zaƙi, sannan suka haska musu wani haske mai sa tashin zuciya. Daga nan ɓerayen suka ƙaurace wa ruwan, alhali ba ruwan ne ya sa su ciwo ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna sau ɗaya ma ya isa, ko da sa'o'i sun shiga tsakanin cin abin da zuwan ciwon. Jiki ne ke kare kansa daga guba: abin da ya shiga baki kafin amai, shi yake ɗora wa laifi, ya kuma riƙe abin shekara da shekaru. Da ta gama bayani sai na ji hawaye. Wato ciwon da ke jikina tun kafin a kawo hantar shi ya jawo aman, hantar ta ɗauki laifi, ni kuma na ɗauki suna. Na so a ce Gwaggo na wurin ta ji da kunnenta.

Na yi gaba da yawa. Bari in koma asibiti.

Na zubar da jini sosai a haihuwar nan, na faɗa muku. Ina da shekara 31 a lokacin. Bayan an sallame ni, in na miƙe jiri ya kwashe ni, tafin hannuna fari fat, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai na tsaya na huta. Likita ta rubuta mini ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce in haɗa da abinci mai sinadarin ƙarfe, ta lissafo jan nama, wake, ganyaye, sannan ta ce hanta sau ɗaya a mako. Ta yi mini bayanin cewa jiki ya fi saurin zuƙar sinadarin ƙarfen da ke cikin nama da hanta a kan na tsirrai, in riƙa haɗawa da lemo saboda bitamin C na taimakawa, in kuma nisanta shan shayi daga lokacin cin abinci don yana tare shi. Na ce to. A raina na ce a bar ni da waken.

A nan dole in tsaya in ja kunnen mata, don kada wata ta karanta ta ɗauka na ce mai ciki ta dage da cin hanta. Ni bayan haihuwa ne. Hanta na da bitamin A mai yawan gaske, yawansa kuma na iya cutar da ɗan da ke ciki, shi ya sa hukumar lafiya ta Ingila take ba masu ciki shawarar su guje mata gaba ɗaya. Mai ciki ta tambayi likitarta, kada ta bi labarina.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, ita ta zo ta zauna da ni. Kun san yadda muke da ita a farkon aurena, na ba ku labari a baya, ba sai na maimaita ba. Ita ma Gwaggo ta sha gaya mata labarin Gimbiya. Na ɗauka za ta ɗora daga inda waccan ta tsaya. Da ta ji abin da likita ta ce, ba ta ce mini komai ba. Washegari na hango ta ta taga tana aiki a hankali. Ta duba hantar ta yanke duk inda ya yi kore, ta ɓare siririyar fatar da ke lulluɓe da ita, ta cire jijiyoyin, ta yanka ta fale-fale, ta jiƙa a madara ta rufe ta tafi ta yi wanka wa jaririya. Da ta dawo ta tsane ta, ta soya albasa mai yawa har ta yi laushi ta yi zaƙi, sannan ta zuba hantar a wuta mai ƙarfi na 'yan mintoci, ta dahu har ciki amma ba ta bari ta bushe ba. Gishiri ma sai a ƙarshe ta barbaɗa.

Ta shigo da yanka biyu kacal a ɗan ƙaramin faranti, ta ajiye nesa da ni kaɗan. Ta ce, "'Yar nan, ga shi. In kin iya, to. In ba ki iya ba ki rufe, ni zan ci, ba asara." Ta ɗauki jaririya ta fita, ta ja mini ƙofa.

Jan ƙofar nan shi ne komai. Da ta tsaya a kaina, wallahi da ban ci ba. Na daɗe ina kallon farantin. Ƙamshin albasa ne ya fara zuwa, ƙarnin da na sani yana can ƙasa-ƙasa. Na gutsiri kamar ƙwayar wake na sa a baki, zuciyata na bugawa, ina jiran abin da na saba. Yawun ya taru, ba zan ɓoye ba. Amma babu ɗaci. Laushi na ji, abin da ban taɓa sanin hanta na da shi ba. Na haɗiye, na kora da ruwa, na rufe sauran. Da Hajiya ta dawo ta buɗe ta gani, ba ta yabe ni ba, ba ta yi mini gori ba. Ta zauna ta cinye abinta tana ba ni labarin wani abu daban.

Ba zan ce muku ranar na fara son hanta ba. Mako na biyu rabin yanka na ci. Mako na uku ban iya ba sam, ƙaurin ya juya mini ciki tun tana kan wuta, Hajiya ta fitar da farantin ba tare da ta ce uffan ba. Haka muka yi ta yi. Sai wajen wata na uku na tsinci kaina ina sauraron ƙarar soyawar ina jira. Ƙanwata ta ce masu binciken cin abincin yara sun daɗe da gano cewa yaro kan buƙaci ɗanɗana sabon abu sau goma ko fiye kafin ya karɓe shi, kuma tilastawa ƙara ƙiyayya take yi. Hajiya ba ta yi boko ba, amma abin da ta yi ke nan daidai. Ranar da na cinye faranti guda na tuna da Kaka a kan tabarmarta. Harshe ma girma yake yi. Ta rasu ina da shekara 12, ba ta ga ranar ba. Shekara 24 maganarta ta yi tana jira na.

Daga baya son sani ya sa na yi ta karance-karance a kan abin da na ƙi rabin rayuwata. Ashe a 1926 wasu likitoci biyu a birnin Boston, George Minot da William Murphy, sun riƙa ciyar da masu wani mugun ciwon ƙarancin jini hanta mai yawa kullum, ciwon da a da kisa yake yi, mutane suka riƙa tashi. A 1934 aka ba su kyautar Nobel tare da George Whipple, wanda ya fara gwajin a kan karnuka. Sai a 1948 aka ware ainihin abin da ke maganin, wato bitamin B12. Nakan yi tunanin waɗannan marasa lafiya, a ce a cikinsu akwai mai irin ƙyamata, kullum a ajiye masa tuli a gaba. Na tausaya musu ƙwarai.

Gwaggo ta zo ganin jaririya tana da wata biyar, ta same ni da farantin a gabana. Ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Ashe dai Gimbiya na ci. Ban faɗa ba? Da ma iyayi ne." Na buɗe baki, Hajiya ta kalle ni, na yi shiru. Har yau ina jin zafin shirun nan. Abin da na so in ce mata shi ne: Gwaggo, hantar ba ta canza ba, hannun da ya miƙo ta ne ya canza. Ke kin toshe mini hanci, wannan baiwar Allah ta ja mini ƙofa. Ban faɗa ba, ta girme ni, ƙanwar mahaifina ce. Ta rasu ba mu yi maganar ba. Na yafe mata, ina kuma roƙa mata rahama a sallata, amma ban yarda iyayi ne ba, kuma ba zan taɓa yarda ba.

Abin da ya hana ni barci a makon nan ba Gwaggo ba ce. Ɗana na fari ne. Yana da shekara 4, tun kafin wannan haihuwar, ya tashi daga ciwo ya rame, na dafa masa ƙwai ya kawar da kai. Na lallaɓa, ya ƙi. Na gaji, hankalina a tashe, ina ganin ƙasusuwan wuyansa. Ban san lokacin da na jawo shi na matse shi a cinyata ba. Ban toshe masa hanci ba, amma na riƙe masa haɓa na tura. Ya dawo da shi duka, yana kuka yana kallona. Na san kallon nan, ni na taɓa yin sa. Kuma a ranar har na ce masa ya cika tsirfa. Ni da bakina.

Da Hajiya ta ja mini ƙofa a ranar farko, bayan na haɗiye ɗan gutsuren nan, yaron ne ya faɗo mini a rai, na yi kuka mai yawa. Ita ta ɗauka hantar ce ta sa ni kuka, ta ce in bari kada in takura kaina. Ban iya gaya mata ba.

Yau shekararsa 23. Ba ya cin ƙwai, ko a cikin wani abu ya ji alamarsa sai ya ajiye cokali. Na ba shi haƙuri yana da shekara 15, ya yi dariya ya ce, "Umma, ni fa ban ma tuna ba." Shi bai tuna ba, cikinsa ya tuna. Ƙannensa sun taɓa fara tsokanarsa a kai, na tsawatar musu tsawar da ba su taɓa ji daga bakina ba, ba wanda ya sake. In na soya wa gida ƙwai nakan yi masa nasa abin daban, in ajiye farantin ƙwan a tsakiya inda hannunsa zai kai in ya ga dama, in tashi in ba su wuri. Har yanzu bai kai hannu ba. Maganar Kaka nake maimaita wa kaina a madafa, ina jira.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan maganar aikin da yadda aka so a maye gurbina ina kwance.