Kafin ku dasa komai a harabar gidan kifaye na bakin teku

Matasan da ke shiga sana'ar gyaran lambu sukan ɗauka cewa ƙasa da ruwa ne kaɗai ke raya shuka ko kashe ta, amma a bakin teku iska ce mai wuƙa da nama. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma a Legas iskar kudu maso yamma tana kwaso feshinsa tana saukewa a kan ganye a mafi yawan watannin shekara.

Da aka ba ni aikin ƙawata harabar wani gidan nuna kifaye a can, sai na jera furannin da na saba reno a Jos, domin su na sani. Ba a jima ba ganyen da ke fuskantar teku ya ƙone ya dinga karkaɗewa, na ɗaya ɓangaren kuwa yana nan kore shar. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna mini cewa gishiri ne, amma na zaci ƙishirwa ce da yunwa, na ƙara ban ruwa, na kuma barbaɗa takin zamani. Rairayi ba ya riƙe taki. Ruwan saman watan Yuni ya wanke shi zuwa tafkin kifayen da ke waje, gansakuka ta rufe shi har masu ziyara suka daina ganin abin da suka biya kuɗi domin gani.

Shawarata ita ce ku fara taka gaɓar tekun da ƙafa, ku lura da abin da ke tsirowa ba tare da mai ban ruwa ba: kwakwa, da wata 'yar uwar duman kada da ke yaɗo a kan yashi tana riƙe shi. Irin waɗannan za ku sa a sahun gaba su tare iska, sannan masu laushi su fake a bayansu, kuna ɗauraye ganyensu da ruwan daɗi lokaci zuwa lokaci.

Maganin ƙwari kuwa, kada ku fesa shi sai kun nemi izinin masu kula da kifayen, domin ɗan kaɗan daga irin wanda muke fesa wa wake yana iya kashe su. Ku kuma binciki inda kowace magudanar ruwa take ƙarewa tun kafin ku haƙa ramin farko.